Amarya ta fito tar, Hajiya ta fito dishi-dishi: laifin lensi ne?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni mai ɗaukar hoton biki ce a Zariya, kuma na fi yin na ɓangaren mata, wato kamu da ranar ƙunshi da wunin biki. Kyamarata Canon ce mai ƙaramin sensa, wato ɗan farantin da ke karɓar hasken hoto a cikinta. Da lensin da ya zo tare da ita nake aiki, mai milimita 18 zuwa 55, har na tara kuɗi na sayi mai milimita 50 f/1.8, saboda amaren yanzu hoton da bayansa ya narke suke so. Tunda na ɗaura shi, a f/1.8 na bar shi. A wani biki kwanan nan na ɗauki amarya tana zaune a kujera, mahaifiyarta da gwaggonta suna tsaye a bayanta. A allon kyamara lafiya lau, a waya ma haka. Da aka wanke shi babba aka sa a firam, amarya ta fito tar, fuskar Hajiya mahaifiyarta kuwa dishi-dishi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, ta ce ko ita ba mutum ba ce, har yanzu sun riƙe mini cikon kuɗina. Wani abokin sana'a ya ce lensin ne jabu, in ci bashi in sayi mai 85 f/1.4. Me kake gani?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kafin komai, kada ki ci bashin nan. Amarya ta fito tar, wannan kaɗai ya wanke lensinki daga zargi, domin lensin da ya lalace ba ya zaɓen fuska. Shi kuwa mai 85 ɗin da ake zuga ki a kansa, da shi kika ɗauki hoton nan a buɗe har ƙarshe, da Hajiya ta fi haka ɓacewa.

Duk lensi, komai tsadarsa, nisa ɗaya tak yake iya saitawa daidai a lokaci guda. In kika saita a mita 3, abin da ke mita 3 cif shi ne kan saiti. Daga nan kaifin yana raguwa a hankali, ta gaba da ta baya, sai dai akwai ɗan tsakani da raguwar ba ta kai ido ya gane ba. Wannan tsakanin shi ne zurfin kaifi. Ki ɗauke shi kamar tabarmar da aka shimfiɗa a gicciye gaban kyamararki: wanda fuskarsa ke kan tabarma ya fito, wanda ya sauka ya fara narkewa. Abu uku ke yanka faɗinta: girman ƙofar hasken da ke cikin lensi, nisanki da mutum, da tsawon lensin.

Mu yi lissafin hotonki. Mai 50 a kan ƙaramin sensa sai an ja baya kamar mita 3 yake ɗaukar mutum uku irin yadda kika jera su. A wannan nisan, a f/1.8, zurfin kaifin gaba ɗaya bai wuce santimita 25 ba, kusan rabi gaban idon amarya, rabi bayansa. Wato santimita 12 ko 13 kawai kike da su a baya. Wadda ke tsaye bayan kujera kuwa fuskarta ta kai santimita 40 zuwa 50 da fuskar mai zaune. Hajiya ta wuce iyaka ninki uku ko fiye. Da kin mayar f/4, zurfin zai kai kimanin santimita 55. A f/5.6 ya kusa 80, wajen 45 daga ciki a baya, kin ga da ƙyar Hajiya za ta shiga. A f/8 ya haura mita ɗaya, kowa ya samu wuri har da ragowa.

Lambar f ɗin tana rikita masu koyo don a juye take tafiya. Rabo ce: tsawon lensi a raba da faɗin ƙofar haske. Milimita 50 a raba da 1.8 ya ba da ƙofa mai faɗin kusan milimita 28. A f/8 ƙofar ta tsuke zuwa 6 da 'yan kai. Ƙaramar lamba, babbar ƙofa. Hasken da ya taso daga ɗigo guda a fuskar Hajiya yana shiga ta ko'ina a faɗin ƙofar, ya je ya haɗu a wuri ɗaya cikin kyamara. In wurin haɗuwar ya faɗa daidai kan sensa, ɗigo ya fito ɗigo. In ya kuskure, sai ya fito ɗan da'ira, kuma gwargwadon faɗin ƙofar gwargwadon faɗin da'irar. Da'irorin nan ne idan suka hau kan juna suke shafe layin kwalli da gashin gira. Dokar mai sauƙin riƙewa ce: in kika ninka lambar f biyu, zurfin kaifi ya ninku kusan biyu.

Nan ne kuma amsar abin da ya ɗaure miki kai, cewa a kyamara da waya kin ga hoton lafiya. Dishin yana nan tun ranar, ƙanƙantar allon ce ta ɓoye shi. Allon kyamararki bai wuce wajen inci 3 ba, da'irar da ta ɓata fuska ba ta kai ido ya gani a kansa ba. Da aka buɗe hoton ya cika bango, da'irar ma ta buɗe tare da shi. Alƙaluman da na kawo ɗin ma an gina su ne a kan hoto matsakaici, kamar faɗin takardar wasiƙa. Duk hoton da kika san babban firam za shi, ki ƙara tsuke ƙofar fiye da abin da lissafi ya ce. Kuma ki mai da shi al'ada: da zarar kin ɗauki hoton da ya wuce mutum ɗaya, ki danna maɓallin ƙara girma ki leƙa idon kowa ɗaya bayan ɗaya kafin ki ce su watse. Daƙiƙa kaɗan ce, kuma mutanen suna nan tsaye.

Nisa ya fi ƙofar haske ƙarfi, amma ba a cika maganarsa ba. In kika ninka nisa biyu, zurfin kaifi ninkuwa yake huɗu. Da lensin naki a f/1.8, a mita 6 kina da kusan mita ɗaya cur. Ina zaton shi ya sa ba ki ankara da wuri ba, domin hotunan ƙawaye masu anko da kike ɗauka daga nesa suna fita lafiya, kika ɗauka haka abin yake ko'ina. Ki matso mita ɗaya da rabi, ya koma santimita 6. A mita ɗaya bai kai 3 ba. A nan in amarya ta ɗan karkata fuska, ido ɗaya zai fito, ɗayan ya tafi. In hannun ƙunshi kike ɗauka, zobe ya fito, zanen da ke wuyan hannu ya narke, alhali zanen ne mai ƙunshi ta kwana a kai.

Sai tsawon lensi, inda abokin sana'arki ya yi tuntuɓe, kuma ba shi kaɗai ba. Gaskiya ne idan kika tsaya wuri ɗaya ba ki motsa ba, kika cire mai 50 kika ɗaura mai 100, zurfin kaifi zai koma kashi ɗaya cikin huɗu. To amma wa ke tsayawa wuri ɗaya? Da mai 100 kan amarya kaɗai za ki gani, dole ki ja baya ninki biyu don mutum ukun su sake shiga. Ja da bayan kuma ya mayar miki da ninki huɗun da kika rasa. Saboda haka in girman mutum a cikin hoto ɗaya ne, lambar f ɗaya ce, zurfin kaifin kusan ɗaya ne, ko da dogo ko da gajere. Abin da dogon lensi yake canzawa shi ne kamannin bayan mutum. Ɗan yanki kaɗan yake yankowa daga baya ya faɗaɗa shi ya cika hoto, dishin ma ya faɗaɗa, sai ki ga baya ya yi laushi luf. In bayan na da nisa sosai, ainihin faɗin ƙofar ne ma'auni. Lensinki na asali a 55 f/5.6 ƙofarsa kusan milimita 10 ce. Mai 50 f/1.8 tasa 28. Mai 85 f/1.4 ta kai 60. Manyan masu 200 f/2.8 da ake gani wurin hawan sallah tasu ta haura 70, shi ya sa mahayi ke fitowa shi kaɗai, taron da ke bayansa ya zama launi zalla.

Kin ga ke nan abu biyu ne daban da ake cakuɗawa. Fitar fuskoki magana ce ta zurfin kaifi. Narkewar baya magana ce ta faɗin ƙofa da kuma nisan bayan da mutanen. Na biyun nan kyauta ne, ba a sayensa a kasuwa. Yawancinmu muna jingina mutane da bango ko labule, sannan mu buɗe lensi har ƙarshe muna neman bangon ya narke, alhali bangon ya fi kusa da amarya kan uwarta. Ki janye su daga bango mita 4 ko 5, ki tsuke zuwa f/4 ko f/5.6, fuskoki su fito, baya kuma ya yi laushinsa daidai gwargwado.

Akwai wani dalilin da ya sa mai 85 ba naki ba ne yanzu, ko da kyauta aka ba ki. Ƙaramin sensar Canon yana tsuke abin da lensi ke gani da ninki 1.6. Mai 50 ɗinki tuni yana aiki kamar mai 80 a babbar kyamara, mai 85 kuwa zai zama kamar mai 136. Don ki ɗauki mutum ukun nan da shi sai kin ja baya mita 5. Ke da ke aiki a falo da tsakar gida ranar wuni, mata cike, yara na gilmawa, ina za ki samu mita 5 babu kan kowa a tsakani? Lensi ne mai kyau ga mai ɗaukar mutum ɗaya a fili. Lokacinsa zai zo in aiki ya buɗe.

Wanda kika jefa a jaka kuwa, mai 18 zuwa 55, ki fito da shi ki share masa ƙura. Na hoton dangi ne na gaske. A milimita 24, f/8, kina mita 3 da mutane, kaifin yana farawa daga ƙasa da mita 2 ya zarce mita 10. Layi uku, layi huɗu, har da kwalliyar wurin da aka kashe wa kuɗi, duk za su fito. Ki dai kula kada ki matsa kusa a 18, don waɗanda ke gefe za su yi faɗi, kuma babu matar da za ta gode miki a kan haka.

Tsuke ƙofa yana da farashi, haske ne. Daga f/1.8 zuwa f/5.6 hasken da ke shiga ya ragu kusan ninki 10, zuwa f/8 kusan ninki 20. A ɗakin taro da daddare wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kada ki biya bashin da rage saurin ɗauka, domin ƙasa da 1/125 na daƙiƙa motsin hannunki da motsin mutane zai kawo wani dishin, wanda yake shafar kowa har amarya. Ki ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 1600, in ta kama 3200. Ɗan yashi-yashin da zai fito a hoto mutane ba sa damuwa da shi kamar yadda suke damuwa da fuskar da ta ɓace. In kuma dole sai kin kashe kuɗi, filasha ta ɗorawa a kan kyamara za ki saya, mai juya kai, ki riƙa harba haskenta zuwa silin in fari ne, hasken ya sauko a hankali. Kuɗinta bai kama ƙafar na lensin nan ba, kuma ita ce za ta ba ki damar yin f/5.6 da f/8 a cikin ɗaki. Da rana kuwa inuwar bango bayan la'asar ta ishe ki. Kada kuma ki zarce zuwa f/22 da sunan neman tsira. In ƙofa ta tsuke da yawa haske yakan bazu a bakinta, hoton gaba ɗaya ya yi sanyi. A ƙaramin sensa f/11 ya isa iyaka. Shi kansa mai 50 ɗin ya fi kaifi a f/2.8 zuwa f/5.6 kan a buɗe ɗungurungum.

Rabin aikin ma a jeri yake. Wurin da ke kan saiti shimfiɗaɗɗe ne, yana fuskantar kyamara. In kin ce Hajiya ta ɗan sunkuyo ta kawo fuskarta kusa da kafaɗar 'yarta, kin rage tazarar daga santimita 45 zuwa 15, hoton ma ya fi nuna ƙauna. In layi ɗaya ne, ki hana na gefe lanƙwasowa gaba, don haka mutane ke yi ba tare da an sa su ba. Ki daina barin kyamara ta zaɓi wurin saiti da kanta, ita abin da ya fi kusa take cafkewa, ko fulawa ce ko hannun da aka miƙo da waya. Ki zaɓi ɗigo ɗaya ki ɗora a idon da ya fi kusa da ke. In layi biyu ne, na gaba. In uku ne ko huɗu, na biyu. Za ki ji ana cewa kashi ɗaya cikin uku na kaifi yana gaba, biyu suna baya. A nisan da kike aiki da mai 50 ba haka ba ne, ya fi kusa da rabi da rabi, kada ki dogara da bayan da babu shi.

In har zuciyarki ba ta kwanta a kan lensin ba, gwajin ba ya cin ko sisi. Ki jera batura biyar a kan tebur a karkace, kowane na bayan ɗan'uwansa da santimita 10. Ki ajiye kyamara a kan wani abu mara motsi, mita ɗaya da rabi, ki saita a na tsakiya, ki ɗauka a f/1.8, sai f/4, sai f/8, ki duba a kwamfuta. In na tsakiya ne ya fi fita, lensi lafiya. In kullum na bayansa ko na gabansa ke fita, ki sake gwadawa kina saitawa ta allon baya maimakon ta ramin leƙawa. In hakan ya gyara, rashin jituwa ce tsakanin lensin da kyamarar, aikin mai gyara ne, ba dalilin sayen sabo ba.

Yanzu maganar da ta fi lissafi muhimmanci a wurina. Hajiya tana da gaskiya. Ba ta san lambar f ba, amma ta karanta hoton daidai. Narkar da wani sashe na hoto zaɓi ne, mai hoto na cewa ga wanda za a kalla, ga wanda ba a damu da shi ba. A hoton amarya ita kaɗai wannan ado ne. A hoton da uwa take ciki kuwa ya zama rashin ladabi, ko da ba da niyya aka yi ba. Yayin narkakken bayan nan wayoyi ne suka ƙara hura masa wuta, musamman tun 2016 da iPhone 7 Plus ta zo da tsarin ɗaukar mutum mai ɓata baya. Lensin waya ainihin tsawonsa 'yan milimita ne, kusan komai tar yake fitarwa, dishin manhaja ce ke ƙirƙirarsa, shi ya sa take cinye gefen mayafi da ƙarshen ɗaurin ɗankwali. Ido ya saba da shi har aka ɗauka shi ne alamar ƙwarewa. Ki nemi hotunan Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, ki zauna ki kalle su. Zanen atamfar da ke jikin mace yana fita, sarƙarta tana fita, zanen ƙyallen da aka rataya a bayanta ma ana ganinsa, amma idonki bai taɓa ɓata ba, yana kan fuskar. Jeri da haske ne suka yi masa aikin. Mutanenmu ma in suka buɗe albam fuskar 'yan'uwa suke nema, da leshin da aka ɗinka, da gwal ɗin da aka saka. Nan da shekara ashirin hoton da za a fi ɗagawa a gidan nan shi ne wanda uwa take ciki.

Game da gidan bikin, ki fara duba sauran hotunan da kika ɗauka a wannan tsayuwar, mai yiwuwa akwai wanda kika ɗan ja baya ko Hajiya ta sunkuyo. In babu, kada ki kai wannan wa manhajojin gyaran fuska. Abin da lensi bai kama ba ba sa dawo da shi, ƙirƙirar ido da baki suke, su ba ki wata mata mai kama da Hajiya, kuma 'ya'yanta za su gane da kallo ɗaya. Ki shirya ki je gidan da kanki, ki gaishe ta yadda ya kamata, ki ce kuskure daga gare ki ne, ki ba ta haƙuri. Kada ki kawo mata zancen lensi ko ƙofar haske, zai zama kamar kina kare kanki. Ki roƙi a sa miki rana, ko a gidan amarya ko ranar da za ta zo gaida iyaye, su sake saka kayan, ki sake ɗauka, wanki da firam duk a aljihunki. Maganar ciko ki bar ta sai kin miƙa sabon hoton. Ranar ki je da mai 50 ɗin, ki fitar da su inuwa nesa da bango, ki zaunar da Hajiya a gefen 'yarta kafaɗa da kafaɗa, gwaggo ta sunkuyo tsakaninsu, f/5.6, saurin ɗauka 1/200, ki ɗauka sau uku ko huɗu saboda ƙifta ido, ki leƙa idon kowa a allo kafin su tashi.